Masu Sallama Kafin Buɗe Littafi

Ambaliyar 2022 ta raba dubban mutane da gidajensu a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Cikin waɗanda suka bi su makarantun da suka fake har da ma'aikatan jin daɗin jama'a, kuma su nake yi wa jinjina.

A aji an karantar da su littattafan Ingila da Amurka. Bakin Kogin Haɗeja ya ƙara musu wani karatun. Ƙwararriyar cikinsu ba ta buɗe littafin rajista sai ta gaida bulama, ta nemi izinin maigida. Idan uwa ta sunkuyar da kai da aka tambaye ta sunan ɗanta, ma'aikaciyar ta san ɗan fari ne, kunya ce, sai ta juya ga kishiya ko maƙwabciya. Baƙo da tuni ya rubuta "ta ƙi ba da haɗin kai"!

A ruga kuwa, Bafulatani zai ce lafiya lau alhali tukunya ta kwana biyu a kife. Sai ma'aikaciyar ta zauna, ta sha nono, ta leƙa madafa.