Finafinan Indiya Uku Da Ba Na Gajiya Da Kallonsu

Fim ɗin Indiya ɗan gida ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da Kwarori 'yan Labanan suke kawo su gidajen silima na Kano, aka zo lokacin kaset ɗin bidiyo, har zuwa yau da ake tura masu fassarar Hausa a waya, ba mu taɓa rabuwa da su ba. Ai mu ne muka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi! Na sha kallo iya kallo, amma guda uku ne suka zauna mini daram a zuciya, kuma dalilinsu ɗaya ne: a cikin kowannensu akwai mutumin da ya riƙe amana, ya biya ta da tsada, bai ja da baya ba.

Na farko shi ne Mother India na shekarar 1957, aikin darakta Mehboob Khan. Wallahi ban taɓa ganin mace ta ɗauki fim a kanta kamar yadda Nargis ta yi a matsayin Radha ba. Tun daga bikinta masifa ta fara, domin surukarta ta ci bashin rufi 500 wajen mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, shi kuwa ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu duk kaka. Dutse ya danne mijinta ya rasa hannayensa biyu, kunya ta sa ya bar gida cikin dare. Ambaliya ta zo ta cinye gona da gida. Yara na kukan yunwa, Sukhilala ya yi mata tayin abinci a bakin mutuncinta, ta ƙi. Dubi inda take jan garma da kafaɗarta, laka har fuska! Duk wanda ya tashi a gidan manoma, ya ga yadda uwa ke kwana da yunwa don 'ya'yanta su ci, sai idonsa ya kawo ruwa. Ƙarshen kuwa ya fi ƙarfin zuciya: ɗanta Birju, wanda Sunil Dutt ya fito a matsayinsa, ya zama ɗan fashi, ya sace 'yar Sukhilala ranar aurenta. Radha ta riga ta yi alkawarin ba za a taɓa mutuncin yarinyar ba, don haka ta ɗaga bindiga ta harbe ɗan da ta fi so. 'Yar maƙiyinta ce fa! Ba mamaki fim ɗin ya shiga jerin waɗanda suka yi takarar kyautar Oscar a 1958.

Na biyu, kuma sarkinsu duka a wurina, shi ne Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya fito ranar 15 ga Agusta, 1975. Kai, wannan fim ba shi da na biyu! Salim Khan da Javed Akhtar ne suka rubuta labarin, R. D. Burman ya yi kiɗa, kuma sai da ya shekara biyar ana haska shi a gidan silima na Minerva a Bombay. Ɓarayi biyu ne, Veeru da Jai, wato Dharmendra da Amitabh Bachchan, tsohon ɗan sanda Thakur ya ɗauko su haya don su kamo masa Gabbar Singh da rai. Gabbar ne ya kashe masa iyali, ya sare masa hannaye biyu.

Ban taɓa ganin bos irin Gabbar ba. Amjad Khan da ya fito a matsayinsa bai da wani suna kafin wannan fim, amma da ya fara takawa a kan duwatsu yana jan bel ɗin harsashi a ƙasa, yana dariya yaransa na dariyar tsoro tare da shi, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Ga Hema Malini a matsayin Basanti mai keken doki, bakinta ba ya hutawa, amma ranar da rayuwar Veeru ta rataya a kan rawarta, sai ta yi ta takawa a kan fasassun kwalabe, ƙafa na zubar da jini. Ga kuma soyayyar Jai da wata Radha, bazawarar da Jaya Bhaduri ta fito a matsayinta, soyayya ce ta kunya tsantsa: ita tana kashe fitilu da dare a saman bene, shi yana busa daga nesa, babu mai cewa uffan. Bahaushe ya san irin wannan so, shi ya sa yake shiga jikinmu.

Wurin da ya fi karya mini zuciya shi ne na limamin ƙauyen, makaho, wanda A. K. Hangal ya fito a matsayinsa. An kawo gawar ɗansa Ahmed a kan doki, mutanen gari sun tsorata suna so a miƙa Jai da Veeru ga Gabbar. Dattijon nan ne, da zafin rashi a ƙirjinsa, ya ƙarfafa musu gwiwa, aka kira salla ya nufi masallaci. Wannan shi ne tawakkali! Sannan ga kwabon da Jai yake jefawa duk lokacin da za su yanke shawara. Da shi ya tura Veeru ya tsira, shi ya tsaya a bakin gada yana musayar wuta. Sai bayan ya cika Veeru ya gano cewa fuskokin kwabon iri ɗaya ne. Ashe da saninsa ya zaɓi mutuwa don abokinsa ya rayu. Allah Ya ba mu aminai irin Jai.

Na uku shi ne Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, fim ɗin farko da Aditya Chopra ya ba da umarni, wanda gidan silima na Maratha Mandir a Mumbai ya yi shekaru da dama yana haskawa kullum. Shah Rukh Khan da Kajol, a matsayin Raj da Simran, sun dace da juna matuƙa. Raj da Simran 'yan Landan ne, amma mahaifinta, Amrish Puri mai jajayen idanu, ya riga ya yi wa ɗan amininsa a Punjab alkawarinta tun tana ƙarama. Wane Bahaushe ne bai san wannan labari ba? Abin da ya sa nake ƙaunar Raj shi ne, mahaifiyar Simran da kanta ta ce su gudu, ya ƙi. Ya ce ba zai ɗauke ta ba sai ubanta ya ba shi ita da hannunsa. Ya shiga gidan biki yana hidima, ya sha duka, ya haƙura. Shi ya sa lokacin da tsohon ya saki hannun 'yarsa a tashar jirgin ƙasa, ta ruga tana miƙa wa Raj hannu, farin cikin yake zama halal, babu haƙƙin kowa a ciki.

Finafinan yau sun fi waɗannan kyan hoto da kayan aiki, ina kuma kallonsu da daɗi. Sai dai uwa irin Radha, aboki irin Jai da saurayi irin Raj su ne mutanen da nake so ƙannena su sani. Ka nemo su ukun, ka tara iyalinka bayan sallar isha'i, ku fara da Sholay. Ya haura awa uku, amma na yi maka alkawari babu wanda zai tashi kafin a gama.