A Daina Fara wa Ɗalibai da React

Wani salo ya shigo darasin gina manhajar intanet a jami'o'i, kuma ni bai kwanta mini ba. HTML da CSS, waɗanda a da ake shafe rabin zango a kansu, yanzu a wurare da dama a gurguje ake bi ta kansu, a ɗan taɓa JavaScript, sai a ce kowa ya sauke React ko wani firemwok, wato tarin kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta domin mutum ya ɗora nasa a kai. Kafin zango ya ƙare ɗalibi ya haɗa shafi mai ƙyalli, ya ci jarrabawa. Amma ka tambaye shi me ke faruwa daga lokacin da aka danna maɓallin aika fom zuwa lokacin da amsa ta dawo, sai ya yi shiru.

Ban ga laifin malaman da suka bi wannan hanya ba. Tallan neman ma'aikata React suke ambata, ɗalibai su ma shi suke tambaya, kuma babu malamin da ke son ya yaye wanda zai rasa aiki. Sai dai a dubi tsawon ran waɗannan kayan aiki. Google ya fito da AngularJS a 2010, ya yi tashe sosai, amma daga ƙarshen 2021 kamfanin ya daina kula da shi. Flash, wanda a wani zamani shi ne adon shafuka, Adobe ya rufe babinsa a Disamban 2020. Shafin farko kuwa da Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar CERN, da HTML zalla, har yau burauza tana buɗe shi. JavaScript yana nan tun 1995, kuma React da Facebook ya saki a 2013 a kansa yake tsaye. Digiri shekara huɗu ne, balle in yajin aiki ya gifta, irin na 2022 da ya ci wata takwas. Abin da ake yayi ranar da yaro ya shiga jami'a ba lallai ne a same shi ranar da zai tafi hidimar ƙasa ba. Tela mai hankali ba ya ɗora almajirinsa a kan keken surfani tun bai iya awo da yanka ba.

Abin da ya fi damuna ma ba tsufan kayan aikin ba ne, ɓoye wa ɗalibi abin da ke ƙasa da suke yi ne. Wanda bai taɓa rubuta fom da hannunsa ya bi saƙon har saba ba, ba zai gane bambancin kuskure mai lamba 404, wato ba a sami shafin ba, da mai lamba 500, wato sabar ce ta tuntuɓe. Ba zai san cewa tantance bayanai a burauza kaɗai ba tsaro ba ne, tunda kowa yana iya aika saƙo kai tsaye ga saba. Na sha ganin aikin kammala digiri mai kyan fuska, amma an ajiye kalmomin sirrin mutane a rumbun bayanai tsirara, kuma akwatin shiga yana karɓar umarnin SQL daga duk wanda ya ga dama. Irin wannan ɗalibi gobe shi za a ba kwangilar manhajar asibiti ko ta biyan kuɗin makaranta. Dogaro da abin da ba ka fahimta ba kuwa ko manya ya taɓa kayar da su: a Maris ɗin 2016 wani ya janye ɗan kod mai layi 11, left-pad, daga ma'ajiyar npm, ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya suka tsaya cak.

Akan ce tunda ChatGPT ya zo a Nuwamban 2022, wahalar koyon tushe ta zama ɓata lokaci. Ni akasin haka nake gani. Na'ura tana zubo kod ɗin React cikin daƙiƙu, don haka iya zubo shi ya rage daraja. Abin da ya yi tsada yanzu shi ne mai karanta abin da na'urar ta rubuta ya ce nan akwai ɓaraka.

Sannan ga batun inda manhajar take zama. Yawancin ayyukan ɗalibai a laftof ɗin mai su aka haife su, a nan aka kare su gaban malamai, a nan suka mutu. Ba su taɓa haɗuwa da ƙaramar waya mai ɗan wurin ajiya ba, ko sabis mai ɗaukewa, ko mutumin da yake lissafin datarsa kafin ya buɗe shafi, alhali irin wannan mutumin ne zai yi amfani da manhajar. Ba a taɓa shigar da suna mai ɗ ko ƙ a ga ko rumbun bayanai zai mayar da shi alamar tambaya ba.

Tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, don haka akwai filin gyara. Da ni za a tambaya, zangon farko babu firemwok sam: HTML, CSS, JavaScript, yadda burauza da saba suke magana, da rumbun bayanai guda. Kowane rukuni ya nemi mai buƙata na gaske, ko mai kantin magani ko sakataren makarantar Islamiyya, ya gina masa abu ƙarami, ya ɗora a intanet. A ba da maki bayan mutumin ya gwada a wayarsa, ɗalibin yana kallo, an hana shi taɓa wayar. React ya shigo a zango na biyu, lokacin da kod ɗin ɗalibi ya yi yawa har ya fara cuɗe masa, ya ji a jikinsa matsalar da aka ƙirƙiri React domin ta.