Baƙar Ƙasar Kufai da Masu Raina Juji

Akwai maganar da ta yi yawa a bakin wasu 'yan boko, wai zuba gawayi a gona sabon abu ne da Turawa suka ƙago, wai kuma ranar da manoman Misau suka karɓe shi, ragowar itatuwan daji sun ƙare. Duka biyun ba su da tushe, kuma ta biyun ta fi cutarwa, domin tana sa mutane su tsorata da abin da suka gada.

Duk wanda ya taɓa noma a kufai ya san ƙasarsa. Baƙa ce, tana riƙe lema, dawa tana yin duhu a kanta ko da damina ta yi gardama, alhali jigawar da ke gefe ta bushe tun kwana uku da ɗauke ruwa. Abin da ya baƙanta ta sananne ne: toka da gutsattsarin gawayin murhu, kashin awaki, ƙaiƙayi, ƙasusuwa, sharar tsakar gida, shekara bisa shekara. A 1966 masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, ya yi bayanin irin wannan baƙar ƙasa a dajin Amazon, wadda mutanen zamanin dā suka bari, kuma har yau tana ba da amfani. A 2016 wasu masu bincike suka nuna irinta a ƙauyukan Laberiya da Gana, ɗauke da kabon fiye da ninki biyu na ƙasar da ke kewaye. Kusa da mu, wani mai bincike, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana rubutu a kan yadda manoman karkarar Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da ƙarfin takin da jakuna ke kaiwa a mangala.

Inda ake yawan kuskure shi ne haɗa toka da gawayi. Toka tana da amfani, amma na ɗan lokaci ne, ruwan sama biyu ko uku sun wanke ta. Gawayi kuwa wuta ba ta gama cinye shi ba, jikinsa cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, yana shan ruwa ya riƙe kamar soso, kuma yakan yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa bai ruɓe ba. Ga rairayin ƙasar Misau da Katagum, inda ruwa ke zurarewa da takin zamani tun kafin saiwar gero ta kama shi, babu abin da ya fi wannan dacewa.

Dabarar da na fi so mai sauƙi ce. A tona rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, a hura wuta a ƙasansa, a riƙa zuba ɓawon gyaɗa ko totuwar masara kaɗan-kaɗan. Da zarar saman ya fara fari, sai a ƙara wani, wanda zai toshe wa na ƙasa iska. Idan ramin ya cika, a kashe da ruwa. Minti kaɗan na sakaci sai a kwashi toka. Daga nan kuma kada a kai gawayin gona kai tsaye. Sabon gawayi yunwa gare shi, idan aka binne shi haka zai zuƙe abincin da ke ƙasa, ganyen shuka ya yi ɗorawa, manomi ya rantse ba zai sake ba. A daka shi, a shimfiɗa a turken awaki ko garken shanu, ya yi makonni yana shan fitsari, yana cakuɗuwa da kashi. Warin turke zai ragu, sinadarin da rana ke kwashewa zai zauna. Lokacin shuka a sa cikin tafin hannu a kowane rami, maimakon watsawa ko'ina.

Masu kukan daji su dubi kayan aikin. Ba kirya a ciki, ba marke. Waɗannan na maƙera ne da masu buhunan da ake lodawa zuwa birane, kuma wannan ɓarna ce da ya kamata a hana. Ko karan dawa ban yarda a ƙona ba, danga na jiransa, dabbobi na jiran karmaminsa. Amma buntun shinkafar fadamun kogin Jama'are, wanda ke tsibi a bayan injina har a cinna masa wuta a banza, wa yake wa amfani?

Yanzu kamfanonin waje suna biyan kuɗi a kan kabon da aka binne a ƙasa, tunda wanda ya shiga gawayi bai koma sama ya ƙara ɗumamar yanayi ba. Ba na ƙin hakan. Sai dai ina ganin an fara lissafin daga wurin da bai dace ba. Masu ƙera baƙar ƙasa tun asali mata ne: su ke hura murhu, su ke kwashe toka, su ke share turke su kai juji. Malamin gona da ya tara magidanta a ƙofar dagaci ya bar matan a cikin gida, ya tsallake masu aikin. Masu binciken jami'ar Gadau, wadda ke nan kusa da Azare, su fara da tona kufan ƙasar Misau suna auna zurfin baƙin, sannan su tura ɗalibai mata cikin gidaje su tambayi tsofaffi abin da ake zubawa a juji da abin da ba a zubawa.