Firaminista da Bawa: Yadda Rayuwar Abubakar Tafawa Ɓalewa Ke Shafar Nazarin Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Yawancin ɗalibanmu sun san fuskar Abubakar Tafawa Ɓalewa a jikin takardar naira biyar tun kafin su buɗe littafinsa. Saboda haka da zarar an ba su aikin nazarin Shaihu Umar, sai su rubuta cewa tauraron labarin marubucin ne da kansa: mutum mai haƙuri, mai sanyin hali, mai miƙa al'amari ga Allah. Wannan maƙala za ta duba ko littafin ya yarda da wannan fahimta, domin a ganina tana rufe wa ɗalibi ido daga abin da ya fi nauyi a cikinsa.

2.0 Wane ne ya rubuta littafin?

Wanda ya rubuta Shaihu Umar matashin malamin makaranta ne ɗan shekara ashirin da ɗaya ko da biyu. An haifi Abubakar a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa a Midil. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi da kuma wannan littafi. Zuwansa Landan karatu sai a 1945, zamansa Firaminista kuwa sai a 1957. Ke nan shekara ashirin da wani abu ne tsakanin littafin da muƙamin, kuma kisan da aka yi masa a watan Janairu na 1966 ya ƙara sa mutane karanta labarin kamar wasiyya.

Akwai abu biyu da suka fi muƙamin amfani ga mai nazari. Na farko, Abubakar ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa bara ne a gidan hakimi, don haka ya san fada daga ƙasa. Na biyu, lokacin da yake rubutu bauta ba ta zama tarihi ba. Dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ne kawai, sai a 1936 aka soke matsayin bawa gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Masu karatun farko suna zaune da mutanen da aka taɓa saye da sayarwa.

3.0 Warwarar jigo

Umar ne mai ba da labari, yana zaune a Rauta kusa da Bauchi, almajirai sun tambaye shi asalinsa. Amma idan aka lura, shi ne tauraron da ya fi kowa ƙarancin aiki. Sace shi aka yi, tsintar sa aka yi, kai shi Kano aka yi, aka miƙa shi ga Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa ya riƙe shi kamar ɗa har ya zama malami. Kusan duk aikatau da ya shafe shi yana zuwa ne da "aka". Ɗalibin da ya kira wannan haƙuri ya manta cewa yaro ne, kuma yaron da aka sace ba shi da zaɓin da za a yaba masa.

Mai zaɓi a littafin ita ce mahaifiyarsa. Ita ce ta bar gida da ƙafarta ta bi sawun ɗanta, ta yarda da Ado wanda ya yi mata alkawarin kai ta wurinsa, shi kuwa ya ƙetara da ita hamada ya mayar da ita haja. 'Ya ce, ba a kamo ta a yaƙi ba, amma hakan bai hana a sayar da ita ba. Tana da hujja ta addini da ta shari'a, ba wanda ya tsaya mata. Ta ga ɗanta ne bayan wahala ta gama cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Duk wanda ya ce littafin ya sassauta wa bauta saboda kirkin Abdulkarim, to ya karanta rabinsa ne. Marubucin ya jera ƙaddara biyu gefe da gefe, ɗa ya samu ilmi, uwa ta samu mari a ƙafa, kuma hanya ɗaya ce ta kai su.

Duk da haka ba zan wanke littafin tas ba. Abdulkarim fataken bayi yake yi, kuma babu inda labarin ya tuhume shi. Guguwar rairayi ce ta kashe shi da ayarinsa, ba hukuncin kowa ba. Umar ma, da ya zama shaihi, bai fito ya yi wa almajiransa fatawa kan cinikin mutane ba. Akwai kuma raunin zubi: Umar yana kawo maganganun da aka yi a wuraren da bai je ba, kuma haɗuwarsa da uwarsa ta dogara da katari mai yawa. Waɗannan kurakuran sabon hannu ne, kuma Ruwan Bagaja ya fi shi armashin harshe nesa ba kusa ba.

Inda rayuwar marubucin take haska littafin da gaske shi ne labarin Makau, mijin uwar Umar. Bafade ne mai gaskiya, abokan zamansa suka yi masa hassada, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a hari, sarki ya kore shi ba tare da bincike na kirki ba. Daga wannan hukunci ne gidan ya watse, duk masifar da ta biyo baya a nan ta samo tushe. A 1950 Abubakar ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, yana kukan cewa talaka ba shi da murya a cikinsa, kuma sarakuna da dama ba su ji daɗi ba. Mai wannan jawabi ya fi kama da wanda ya ƙagi Makau fiye da hoton salihin da ake liƙa wa Umar. Sai dai a nan ma a lura: Makau da aka zalunta, daga farautar mutane ya dawo, kuma labarin bai ba waɗanda ya kamo ko da suna ba.

Fassarar Ingilishi da Mervyn Hiskett ya yi a 1967, da wasan kwaikwayon Umaru Ladan da Dexter Lyndersay na 1975, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976, duk sun fito ne bayan rasuwar marubucin, lokacin da sunansa ya riga ya yi wa labarin inuwa. Ɗalibin da zai kwatanta su da asalin littafin ya fara da ƙirga shafukan da kowannensu ya ba mahaifiyar Umar.