Gwanin Sauya Gwiwa da Kwatangwalo

Duk wanda ya saba sallar Juma'a a Babban Masallacin Bangui da ke unguwar Kilomita Biyar, ko a kowane masallaci daga can har Kano, ya san dattawan nan masu sallah a kan kujera a gefen sahu. Da yawansu gwiwa ce ta ƙi lanƙwasuwa, ko kwatangwalo ya sandare. Guringuntsin da ke bakin gaɓa ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Mai ɗori, duk iyawarsa, ba shi da ta cewa a nan, don babu karayar da zai ɗora. Aikin likitan ƙashi ne, kuma ko a cikinsu ba kowa ba.

A Bangui karaya ce ta fi cin lokacin likitocin tiyata: ta hatsarin babur, da ta harsashi tun rikicin 2013. Don irin wannan aiki ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe asibitin SICA a 2017. Sauya gaɓa kuwa fanni ne mai zaman kansa, kuma a ƙasar Hausa in ana zancensa sai a ambaci Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da aka kafa a 1959. Kafin likita ya kai nan a Najeriya, ya yi shekara 6 a jami'a, 1 ta sanin makamar aiki, 1 ta hidimar ƙasa, sannan wajen 5 ko 6 a ƙarƙashin manya yana rubuta jarrabawar ƙwarewa. Bayan duk wannan zai ƙara durƙusawa gaban wanda ya riga shi a fannin.

Wanda ya leƙa ɗakin tiyata zai ce shagon kafinta ya shiga: ga zarto, ga guduma, ga abin huda. Amma aikin tun a kan hoton ƙashi ya fara, inda likita ya auna girman abin da zai saka. A kwatangwalo, zai yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, ya kankare ramin da yake zama a ciki milimita bayan milimita, ya kafa ƙoƙon ƙarfe mai shimfiɗar roba, sannan ya soka sandar ƙarfe cikin ɓargon cinya. Ba ya saka na dindindin sai ya gwada na gwaji: ya miƙe ƙafar, ya naɗe ta, ya juya ta ciki da waje ya ga ko za ta goce, ya haɗa dugadugan biyu ya duba tsawo. Santimita ɗaya in ta ƙaru, mai ƙafar zai ji ta a kowane taku. Babbar jijiyar ƙafa kuma tana nan kwance a baya, kusa da inda wuƙa ke wucewa. In da siminti za a kafe ƙarfen, cikin minti 10 zuwa 15 ya daskare, babu damar sake shawara.

Gwiwa ta fi wuyar sha'ani. Mutane na ɗauka cire ta ake yi ɗungurungum. A'a, kimanin santimita ɗaya ake sarewa daga bakin ƙashin cinya da na ƙwauri, a yi wa na sama hular ƙarfe, na ƙasa faranti, roba a tsakani. Gwanintar tana wajen daidaita jijiyoyin gefe. In sun yi tsauri gwiwa ta ƙi naɗuwa, in sun yi sako-sako ta riƙa rawa, kuma yatsun likita ne ke faɗa masa ya isa haka.

Baturen Ingila John Charnley ne ya ɗora aikin sauya kwatangwalo a kan turba a asibitin Wrightington a 1962, bayan robar da ya fara amfani da ita ta cinye a jikin ɗaruruwan mutane, ya koma ya sake musu. Da ya ga ƙwayar cuta ce babbar abokiyar gaba, sai ya ƙera rumfar tiyata mai tace iska. Har yau likitan kirki ya fi tsoron ƙwayar cuta a kan komai, don in ta maƙale wa ƙarfe magani ba ya cika cin ta. Sau da yawa sai an cire komai.

Abin da ya fi burge ni shi ne hukuncin da likita yake yankewa kafin ya ɗauki wuƙa. A wajenmu ba tsofaffi kaɗai ke zuwa ba. Ciwon sikila kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya ya mutu, sai ka ga budurwa 'yar shekara 25 tana ɗingishi. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin ɗari na kwatangwalon da aka sauya ne ke kai shekara 25, gwiwa kuwa kashi 82. Ke nan likitan yarinyar nan dole ya yi aikin farko yana tanadin ƙashin da za a buƙaci a aiki na biyu. Kuma shi ne zai dubi dattijo ya ce, "Baba, ciwon zai tafi da yardar Allah, za ka yi tafiya, amma zaman tahiya a ƙasa ba lallai ya dawo ba." Gaskiya ce: sabuwar gwiwa takan tsaya wajen digiri 120, zaman kuwa ya fi haka nesa.

Saboda haka in an ce za a yi maka aikin ko a yi wa wani naka, tambayi likitan guda nawa yake yi a shekara. A fara magance ruɓaɓɓen haƙori da gyambo, a saisaita suga, kuma a ware kuɗin gashin ƙashi na bayan tiyata tun kafin a kwanta.