Hakimi Ba Baron Ba Ne: Tsokaci a Kan Kalmomin M. G. Smith

Littafin M. G. Smith, Government in Zazzau (1960), ya zama madogara ga masu nazarin sarautun ƙasar Hausa. Sai dai marubucin ya aro kalmomin mulkin mulaka'un Turai, irin su fief da vassal, ya bayyana hakimai da ƙasashensu. Manufar wannan tsokaci ita ce nuna cewa aron ya lulluɓe wani muhimmin bambanci.

Rayuwar William Marshal na Ingila, wanda ya rasu a 1219, ta isa misali. Ya sami ƙasashe masu yawa ta auren magajiya Isabel de Clare a 1189, 'ya'yansa kuma suka gaje su. Ƙarfin basarake irinsa yana cikin ƙasarsa da ganuwarsa da mayaƙansa. Da irin wannan ƙarfi ne sarakunan gargajiyar Ingila suka tilasta wa Sarki John amincewa da Magna Carta a 1215.

Hujjojin Smith da kansa sun nuna akasin haka. A ƙarni na 19 hakimin Zazzau a birni yake zaune, garuruwansa a warwatse, jekadu ne ke karɓo masa haraji. Sarki ke naɗawa, shi ke tuɓewa, kuma bayi ma sun riƙe manyan sarautu. Turawan mulkin mallaka ne suka tura hakimai zama a gundumomi. Ke nan, ikon hakimi rance ne daga fada, ba gado ba ne daga ƙasa.

Inda kamancin ya ɗan kusanto shi ne bakin iyakar Daular Sakkwato. A Muri, rassan gidan sarauta sun riƙe Gassol da Bakundi kusan da cin gashin kansu. Sarki Muhammadu Nya ma, ko da yake yana bin Sakkwato, ya haɗa kai da Bafaranshe Mizon, wanda bindigoginsa suka karya Jukunawan Kona a 1892, kafin kafa Jalingo a 1893. Nisa daga cibiya ne ya ba da wannan dama.

Saboda haka, wajibi ne mafassara da masu tsara ƙamus su yi hattara. Duk wanda ya fassara baron da hakimi ba tare da bayani ba, ya ba ɗalibi suna, ya hana shi ma'ana. Wannan bai rage darajar aikin Smith ba: bayanansa sun fi kalmominsa gaskiya.