ZBIGNIEW DMOCHOWSKI DA GININ HAUSA: SHARHI A KAN AIKINSA DA DARASINSA GA ƘASAR DUTSE

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna aikin Zbigniew Dmochowski, masanin tarihin gine-ginen Turai wanda ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa wajen nazarin ginin gargajiya na Nijeriya. Za a duba abin da hanyarsa ta adana da abin da ta bari a baya, sannan a ga yadda wannan ya shafi ƙasar Dutse.

2.0 Daga Warsaw zuwa Jos

Dmochowski mutumin ƙasar Polan ne. Ya yi karatun fasahar gini a Warsaw, inda aka horar da shi a kan auna tsofaffin gine-gine da zana su filla-filla, har da na katako da ke ƙauyuka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zauna a Landan, ya fitar da littafin tarihin gine-ginen Polan a 1956. A 1958 ya zo Nijeriya ya kama aiki da Sashen Adana Kayan Tarihi. Ya rasu a 1982, ba a kuwa buga babban aikinsa mai juzu'i 3 ba sai a 1990. Juzu'i na farko shi ne na Arewa.

3.0 Ƙarfin Hanyarsa

Babban abin yabo shi ne bai ɗauki ginin ƙasa a matsayin abin kallo na masu yawon buɗe ido ba. Irin awon da ya koya a Turai shi ya yi wa fada da masallaci da zaure. Ya nuna yadda ake jera azara, da yadda bakan gizo ke tashi daga bango ya ɗauki nauyin rufi, da yadda ɗaurin guga ke haɗa bakuna a tsakiyar soro. Da haka ya tabbatar wa masana cewa magini ma'abocin lissafi ne.

Amfanin wannan ya fito fili a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka. Idan gini irin wannan ya faɗi, zane mai cikakken awo yana cikin 'yan abubuwan da suka rage wa na baya.

4.0 Rauninta

Sai dai fa zane yana kama gini ne a yadda yake rana ɗaya, alhali ginin tubali yana rayuwa da gyara. Kafin kowace damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe da laso ko makuba. Wannan ilmi a hannun magina yake, ɗa ya gada daga uba a ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma takardar awo ba ta ɗaukarsa.

Gidan adana gine-ginen gargajiya da ya assasa a Jos ya ƙara bayyana matsalar. An kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya da fadar Katsina, amma a garin da ya fi su ruwan sama, nesa da jama'ar da ke salla a ciki suke yi musu aikin gayya. Ginin da aka raba da masu shi dogara yake da kasafin kuɗin hukuma, in ya makara ruwa ba ya jira. A nan ne aikin Hamman Tukur Sa'ad na 1981 ya cike giɓi, domin shi a kan maginan ya tsaya, da kalmominsu, da ma'aunin da suke gane kyakkyawan gini da shi.

5.0 Darasi ga Ƙasar Dutse

Tun da Dutse ta zama hedikwatar Jihar Jigawa a 1991, siminti da kwano suke ta maye gurbin tubali da azara. Ambaliyar 2022 kuma ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a jihar. Tsohuwar fadar Garu tana nan, haka nan sauran soraye da zauruka a Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse da masarauta su haɗa hannu a auna su kamar yadda Dmochowski ya yi, tare da naɗar bayanan dattawan magina da Hausa, da ba su aikin gyara ana biyansu, don yaransu su ga dalilin koyo.

6.0 Kammalawa

Dmochowski ya cancanci yabo domin ya adana siffar ginin Hausa da amana. Abin da hanyarsa ba ta iya adanawa ba shi ne sana'ar kanta. A ƙasar Dutse har yanzu akwai ginin, akwai kuma masu yin sa, don haka ana iya riƙe duka biyun muddin an fara tun dattawan suna raye.